Yadda ake hada kwanon kwalliya da ragowar kyallen tela da zare

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da mazan ma masu sha'awar aikin hannu. Kwanaki wata makociyata ta shigo dakina ta hango kwanon da nake zuba makullai a kan shokes, ta dauka tana juyawa tana juyawa tace Hajiya wannan a kasuwar Balogun kika siyo shi? Nace mata a'a ragowar atamfar sallar yarana ce ta bara, wallahi bata yarda ba sai da na dauko mata rigar ta hada zanen da idonta. Ita ce ta matsa min tace dole in rubuta yadda ake yi saboda wasu su amfana, to gashi na zauna.

Ni ba wata babbar tela bace, keke daya gareni a gida nan Agege a Legas ina dinka na yara da na makota. Amma duk wanda ya taba leka shagon tela ana saura sati biyu sallah ya san abinda nake nufi, kyalle har idon sawu, atamfa, shadda, leshi, ga guntayen zaren aiki da ya rage a jikin kwarkwaro bai isa a karasa wuyan riga ba. Yawanci a buhu ake turawa a ajiye bakin titi, wani ma a kwata yake karewa, kuma mu da muke Legas mun san abinda kwata ke yi mana in ruwan Yuni da Yuli ya sauko. Abin yana min ciwo, kudi aka sa aka sayi yadin nan, wani ma mai tsada ne sosai.

Kafin komai ki sani ba kowane kyalle ke yi ba. Wanda yafi karbar aikin shine mai auduga, atamfa ita ce sarauniya, sai adire na Yarbawa da yadin maza mai laushi, saboda suna shan gam su kwanta luf. Shadda tana yi amma tana zarewa ta gefe kuma mai maiko sosai bata shan gam da wuri. Su matiriyal mai santsi da shifon da leshi mai duwatsu ki ajiye su gefe, a karshe zasu yi miki amfani wajen ado amma kar ki gina jikin kwano da su, zamewa suke yi suna dagowa. In kyallen sabo ne fil ki jika shi a ruwa ki dan cuda ki shanya, don sabuwar atamfa tana da sitaci a jiki, wata kuma tana zuba, in baki wanke ba sai kin shafa gam ki ga ja ya malala cikin fari ya bata miki aiki. In ya bushe ki goge shi da dutsen guga ya mike.

In baki dinki, ki je wajen telanki ki ce ya tara miki, yawancinsu murna ma suke yi an rage musu shara. Ni akwai wani dattijo mai aikin wuyan kaftani a layinmu, in na aika yaro nace a gaida Baba a ce ko akwai guntayen zare, da leda guda yake dawowa. Sauran kayan kuwa, gam fari irin na kafintoci wanda aka fi sani da Top Bond, duk mai saida kayan gini ko kayan makaranta yana da shi, sai karamin burushin fenti, almakashi mai ci, ledar nan mai mannewa ta nade abinci ko farar leda marar kauri, basilin, da kwanon da zai zame miki ma'auni, wato wanda zaki manna kyallen a bayansa ya dauki siffarsa, na roba ko silba wanda bakinsa yafi kasansa fadi. Wannan na karshen ki kula da shi, in kika dauki kwano mai ciki kamar tukunya wanda bakinsa ya tsuke, aikin zai bushe ya ki fita sai dai ki yanka shi. Igiya da zare da allurai in kina son da yawa Oshodi zaki shiga, yanzu da jirgin kasa na Red Line yake tsayawa a Agege da Oshodi ma abin ya zo da sauki, ko kasuwar Tejuosho a Yaba in can yafi miki kusa.

Iri uku nake yi, na gam, na zare zalla da na igiya. Bari in fara da na gam, shi yafi sauki ko yarinya 'yar firamare zata iya in an tsaya mata.

Ki kife kwanon ma'aunin a kan tire ko tsohon kwali, ki lullube bayansa da ledar nan ki ja ta sosai ki tura sauran ta ciki, duk inda leda tayi tattara haka zai fito a cikin aikinki don haka ki bi da hannu ki lallashe ta. Ki lakaci basilin dan kadan ki shafa a kan ledar, kadan fa, in yayi yawa maiko zai fito a kyallen.

Sai ki dama gam. Ni nawa ma'aunin cokali 2 na gam cokali 1 na ruwa, ki juya har yayi kamar kunun da bai yi kauri ba, in kin daga burushi ya rika zuba a hankali ba ya diga kamar ruwa ba. In yayi ruwa da yawa kwanon zai fito lagwai-lagwai ba zai tsaya da kansa ba, in yayi kauri kuma zai bar fari-fari a jiki. Kar ki dama da yawa lokaci daya, kadan kadan, don yana yin fata a sama in ya sha iska.

Kyallen ki yayyanka shi kanana, kamar inci 2 zuwa 3, wasu masu kusurwa hudu wasu uku wasu dogaye, ba sai sun zama daidai ba, rashin daidaiton ma shine kyan abin. Dalilin da yasa nace kanana shine babban kyalle baya bin lankwasar kwano, dole ya nannade ya yi kunne. In kina iya yanka shi a karkace, irin yankan bayas da tela ke yi, yafi mikewa ya bi jikin kwano kuma baya zarewa sosai.

Ga inda mutane da yawa ke kuskure. Shimfidar farko ita ce zata zama cikin kwano in an cire, don haka fuskar atamfa kasa zata kalla, wato ta manne da leda, bayanta yana kallonki. Ki fara daga tsakiyar kasan kwanon, ki shafa gam a kyallen ki dora ki bi da burushi ta sama har ya jike gaba daya, ki dauko wani ki dora ya hau gefen na farko kamar fadin dan yatsa, haka zaki yi ta sauka har baki, ki bari ya dan wuce inda kike so bakin ya tsaya saboda za'a datse daga baya. Ki rika danna wa da yatsa kina korar iska, in kika bar kumfa a ciki nan zai zama rami. Ni gaskiya da hannu nafi yi, burushin na farko farko ne kawai, hannu yafi jin inda bai kwanta ba.

Ki barshi ya sha iska kamar awa daya ko biyu sannan ki dora shimfida ta biyu. Ita ta tsakiya ce ba mai ganinta, to a nan zaki zuba duk kyallen da bai miki kyau ba, tsohon zanin gado, ragowar yadin makaranta, shaddar da ta kode, indai mai dan kauri ne. Iyaka in atamfar ciki fara ce ko mai haske kar ki sa kyalle baki a bayanta zai nuna. Shimfida ta uku ita ce bayan kwano, fuskarta sama tana kallonki. Karamin kwano na makulli ko 'yan kunne uku sun isa, babba kamar na zuba alawar baki ki kai hudu ko biyar, kuma ki kara kauri a kasa don nan ne mazauni.

Wajen hada kala ina da ra'ayi, wasu zasu ce ba haka ba. In kika zuba duk kalar duniya a kwano daya ido baya samun wajen sauka, yana komawa kamar tsumma. Ki zabi atamfa daya mai zane sosai, ki hada ta da kala biyu marasa zane wadanda suke cikin zanen nata. Wanda nafi so a duk wanda na yi, cikinsa shudiyar shadda ce zalla, bayansa atamfa mai ganye ruwan kwai da shudi, bakin kuma na bi shi da zaren gwal na aikin hula. In rana ta shigo ta taga ta sauka a cikinsa shaddar nan har wani daukar ido take.

To yanzu maganar bushewa, kuma don Allah a nan ki nutsu don ita ce gaba dayan sirrin a garin nan. Wadanda suke Kano ko Sakkwato lokacin hunturu zasu ce miki kwana daya ya isa, gaskiyarsu ne, can iska a bushe take. Mu nan kusa da teku muke, danshi baya barinmu, ko kayan wanki kin san yadda suke kwana biyu a igiya da damina suna warin sanyi. Kwanon gam haka yake, sama zai bushe ki taba kiji garau amma tsakiya a jike take. Na farkon da na yi da kullun fulawa na yi shi, wanda muke manna takarda da shi muna yara, na cire shi washegari na dora a shokes ina ta murna, ba'a yi sati ba funfuna ta fito masa baki-baki ta ciki, ga kyankyasai sun gano shi sun fara ci ta baki. Ranar har kwalla na yi don ragowar atamfar da mahaifiyata ta aiko min ce daga gida, babu sauranta. Tun daga nan na daina fulawa, na daina sitacin rogo, duk abinda ake ci ne kwari zasu bi shi kuma yana jawo danshi. Gam fari kawai.

Don haka ki bashi kwana 2 cikakku da rani, da damina kwana 3 har 4. Ki ajiye shi inda iska ke wucewa, gaban fanka in akwai wuta, in an dauke ki kai shi bakin taga. Rana kadan ta safe bata da laifi amma kar ki barshi a tsakiyar rana ya wuni, kala tana kodewa kuma yana iya karkacewa. Yadda zaki gane ya yi, ki kwankwasa da farce kiji yana kara kamar kwarya, kuma in kin dora bayan hannunki baki ji sanyi ba. In da sanyi to da sauran ruwa, ki kara masa kwana. In kina da niyyar yin da yawa don biki ko sayarwa ki nufi Disamba zuwa Fabrairu, lokacin ne iskar hunturu ke dan lekowa Legas, aiki yafi sauri.

Cirewa kuma a hankali, ki saki ledar ta ciki ki rika dan murda kwanon ma'aunin, in na roba ne ki dan matsa shi zai saki. Ki bare ledar, zaki ga cikin yana dan damshi yana sheki, ki juya shi ya kalli sama ya kara kwana daya. Sannan ki dauki almakashi ki datse bakin. Kina iya barinsa haka, amma ni nafi son in yanko dogon kyalle siriri na bayas in shafa gam in nade bakin da shi kamar yadda ake yiwa wuyan riga, in kama da abin shanya har ya bushe. Yana kara masa karfi kuma yana rufe shimfidun da suka fito.

Na zare zalla shi kuma kamar raga yake fitowa, ana hango ta cikinsa. Da balan-balan ake yi, ki hura shi daidai girman da kike so ki dora a bakin kofi ya zauna, ki shafa basilin. Zaren ki yanka shi tsawon hannu hannu ki tsoma a gam, wannan karon mai dan kauri, ki zare shi tsakanin yatsu biyu ki rage gam din sannan ki rika dorawa a rabin balan-balan din kina gicciyawa ta ko'ina. Zaren keke shi kadai yayi siriri, sai kin hada shi hudu ko shida, zaren saka da na aikin hula su suka fi. Ki cika shi sosai, in kina ganin ya isa ki kara, don in ya bushe zaki ga ramuka sun fi yadda kike zato. Abu daya, balan-balan yana sacewa da kansa in ya kwana biyu a zafi, in ya sace kafin zaren ya bushe aikin ya lotsa kenan, shi yasa wannan a gaban fanka nake yinsa, ko kawai in koma kwanon roba. In ya bushe ki fara tura yatsa ki raba zaren da jikin balan-balan sannan ki huda shi da allura kusa da daurin ya sace a hankali, kar ki fasa shi fus.

Sai na igiya, wanda duk yafi su karko kuma shi nake yi in zan bada kyauta. Duk wadda ta tashi a gida ta ga ana dinkin faifai da kaba ta riga ta san wannan aikin, hanyar daya ce, igiya ce a madadin ciyawar ciki, kyalle a madadin kaba. Igiyar auduga ta shanya zaki nema mai kaurin fensir, kar ki sayi ta roba mai santsi, allura bata shigarta da dadi kuma kyalle yana zamewa. Matsakaicin kwano zai ci kamar yadi 7 zuwa 8. Kyallen ki yanka shi dogaye, fadin inci 1 ko da dan kari.

Ki dan diga gam a kan igiyar ki rufe shi da kyalle, ki fara nadewa a karkace kowane zagaye yana hawa rabin na baya, ki ja da karfi kar igiya ta leko. In kyalle ya kare ki sa kan sabon a karkashin wutsiyar tsohon ki diga gam ki ci gaba. Kar ki nade duka igiyar lokaci daya zata dame ki, kamar kamu biyu ko uku ki kama da abin shanya, ki dinka, ki kara nadewa.

Farkon shine mai wuya. Ki nannade kan igiyar kamar dodon kodi, tsam-tsam ba rami a tsakiya, ki soka allura ta ratsa shi gicciye sau uku hudu ya kamu. Daga nan kina zagayawa kina dinke sabon layi da wanda ke karkashinsa. Mai keken da ke zigzag aikinta ya zo da sauki, ta sa allura lamba 16 ko 18, ta bude zigzag din ya rika cin layi biyun, dama daya hagu daya, a hankali ba gudu. Amma bakin keken nan na kafa da yawancinmu muke da shi, Butterfly da ire-irensa, dinki mike kawai yake yi, ba zai yi wannan ba, kar ki wahalar da kanki ki karya allurai. Da hannu zaki yi, basilla ko babbar allura da zare mai kwari ninki biyu, ki zagayo sabon layin ki soka a saman na kasa ki ja, tazarar dan yatsa tsakanin kowane dinki. In kika sa zare mai kala daban dinkin kansa ya zama ado. Yatsa zai yi zafi ranar farko, ki nada masa kyalle ko filasta.

Ki yi ta zagayawa a shimfide har fadin ya kai kamar inci 5, wannan shine kasa. Daga nan in da keke ne ki daga gefen faifan da hannun hagu ya jingina sama kina ci gaba da dinki, da kansa zai fara tashi. In da hannu ne ki rika dora sabon layi a saman na baya maimakon gefensa, in kin dora shi sama sosai bango zai mike kamar kwando, in kin dan fitar da shi waje zai bude kamar faranti. Ki rika ajiye shi a kasa bayan kowane zagaye biyu kina kallo daga nesa, don hannu yana ja bangare daya ba tare da kin sani ba, gara ki warware layi daya da ki gama ki ga ya karkace. In ya kai tsayin da kike so ki yanke igiyar a karkace ta sirance, ki nade ta da kyalle ya wuce karshen, ki tura wutsiyar ta ciki ki dinke da kyau.

Wannan na igiyar in ya yi datti kina iya wanke shi da hannu a ruwan sanyi ki cusa masa kwano a ciki ya bushe da siffarsa. Na gam da na zare kuwa kar ruwa ya taba su, gam fari yana laushi in ya jike, tsumma busasshe ko tsohon burushin hakori zaki rika kade kura da shi. In kina so ya jure danshin nan namu, bayan ya bushe sarai ki kara shafa masa gam zalla siriri ciki da waje, ko ki karbi dan man shekin katako marar kala a wajen kafinta ki shafa a tsakar gida inda iska take, don yana da wari mai hawa kai, kuma ki fara gwadawa a guntun kyalle saboda wani yana sa fari ya koma ruwan kasa.

Don Allah kar a zuba abinci a ciki kai tsaye, ba tuwo ba miya ba 'ya'yan itace da aka yanka, gam ba abin ci bane. Alawa mai leda, dabino ko goro in an shimfida takarda ko an sa karamin faranti a ciki, makulli, carbi, 'yan kunne da awarwaro, kayan kwalliyar gaban madubi, zare da maballan dinki, duk wadannan ya dace da su. Kar a sa kyandir ko garwashin turaren wuta kusa da shi, kyalle ne da gam, kamawa zai yi.

In anko aka yi na biki, ki roki tela ya ware miki ragowar wannan atamfar ita kadai kar ya hada da sauran. Bikin kanwar maigidana na hada kanana guda goma sha biyu da ragowar ankon, na fara tun saura sati uku saboda a watan Yuli ne ruwa ba ya dagawa, na jera su a kan tabarma gaban fanka ina juya su safe da yamma. Guda biyu basu bushe ba har ranar kamu, na bar su a gida, goman aka sa alawa aka ba iyayen ango da na amarya, biyun kuma bayan sati na kai wa amarya dakinta ta dora a gaban madubi.